Ƙofar da za a sa wa sunan Yaya Idirisu

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne yayana, Idirisu, wanda mutanen Jugu suka fi sani da Mushe Idi, wato Malam Idi a yaren Turawa. Da na so in yi masa addu'a in yi shiru kamar kowace shekara. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarsa ce ta hana ni, kuma raina a ɓace yake.

Shi ya kafa ta, 'yan shekaru bayan Turawa sun tafi, lokacin ƙasar nan ana ce mata Dahome. Yana koyarwa a lakwal, makarantar bokon unguwarmu, sai ya lura yaran ƙauye, na Onklu da Pelebina, su ne masu ƙoƙari, su ne kuma masu gudu kafin shekara ta raba. Ba karatun ya kore su ba, wurin kwana ne babu. Sai ya tara waɗanda suka gama makarantar suka kama aiki ko kasuwanci, ya kafa musu doka guda: duk wanda yake son shiga ƙungiya ya ɗauki yaro ɗaya daga ƙauye, ya kwana a gidansa, ya ci a kwano ɗaya da 'ya'yansa. Ba shugaba, ba hatimi. In ka ce gidanka ya cika, Yaya zai zo da kansa ya leƙa ɗakunan.

Ni nake tuƙa tuwon na gidanmu, don haka na san su ɗaya bayan ɗaya. Na san mai fitsarin kwance, na san mai ɓoye doya a aljihun kaki.

Yau waɗancan yaran su ne manyan ƙungiyar. Sun mayar da ita Paraku, inda suke aiki, suna kiran ta amikal da yaren Turawa, suna taro a otal. Ban ce ba sa yin komai ba. Sun yi wa azuzuwa fenti, sun kawo benci, duk ƙarshen shekara suna raba jaka ga wanda ya zo na ɗaya, a ɗauki hoto. Dokar kwano kuwa sun soke ta, wai ta tsufa. Gidajen da suka gina a Jugu suna kulle da kwaɗo, ƙadangaru ne a ciki.

Makon jiya shugabansu, Alhaji Sama'ila, ya zo mini a mota. Daga Onklu aka kawo mana shi ba ko takalmi, ya yi shekara shida a ɗakin zaurenmu. Ya ce sun gina babbar ƙofar ƙarfe a makarantar, za a rubuta sunan Yaya a kai, ni zan yanke ƙyalle.

Na ce, "Sama'ila, ina Halimatu, 'yar Pelebina da kuka ba jaka bara?"

Ya ce bai sani ba. Na gaya masa tsohuwar da take riƙe da ita ta rasu, yarinyar ta koma ƙauye tana tallar nono da jakar a rataye. Akwai wasu shida irinta, an kusa komawa makaranta, ba mai karɓar su.

Ya gyara hula ya ce, "Goggo, wannan ba ya cikin porogaram ɗin bana. Sai biro, kwamitin shugabanni, ya zauna."

Na dube shi, ina tunanin abin da Yaya zai yi da yana raye. Ina jin hannun yarinyar zai kama ya kai ta gidan Sama'ila, ya tsaya har a buɗe.

Me ya rage na Mushe Idi? Ba littafi ya bari ba, ba gida mai bene ba. Mutanen nan ya bari, su ne dukan abin da ya tara, shi ya sa abin yake ci mini rai. Halimatu tana wurina tun shekaranjiya. Ƙarfina ya ƙare a kanta, gwiwoyina ba sa iya tukunyar mutum bakwai.

Saboda haka ku saurare ni, 'yan amikal. Ranar bikin zan zo, amma ba zan taɓa almakashi ba. Zan zo da yaran shida, kowa da tabarmarsa a naɗe, in tsayar da su a bakin ƙofar. A gaban baƙinku zan kira ku da sunayen da muke kiran ku a tsakar gida, in faɗi gidan da ya ciyar da kowannenku. Wanda ya ji nasa ya fito ya ɗauki ɗaya.