Asibitin Bakin Titi

Ban taɓa mantawa da ranar da aka tura ni wani ƙauye a yankin Ruma ba. Lokacin ina ƙaramar mai zanen gine-gine a wani kamfani, ni kaɗai ce mace a ofishin. Wani attajiri ɗan siyasa ne ya ba mu aikin ƙaramin asibitin haihuwa.

A ƙa'idar aikinmu, kafin ka ja layi a takarda sai ka taka filin da ƙafarka, ka ji ta bakin waɗanda za a yi wa ginin. Da yake ni mace ce, har cikin gidaje na shiga. Wata tsohuwar ungozoma, Inna Rabi, ta kama hannuna ta kai ni wani fili a bayan masallaci.

"'Yata, nan za ki sa mana shi," in ji ta. "Naƙuda ba ta jiran gari ya waye. Wa zai fita da mace bakin titi, 'yan bindiga na yawo?"

Na koma ofishinmu a Batsari na zana shi a wannan filin, da tsakar gida mai inuwa don 'yan rakiya, ƙofarsa na kallon unguwa.

Alhajin ya duba zanen a tsaye, ko zama bai yi ba. "Wa zai gan shi a lungu? A bakin titi nake son shi, da doguwar ƙofa."

"Ranka ya daɗe, matan ba za su iya zuwa can ba."

Alhajin ya kau da kai. Ya kalli shugabana ya ce, "Ba ku da namiji ne?"

Shugabana ya ce in gyara. Na ce ba zan sa hannu ba, don sa hannun mai zane shaida ce cewa ginin zai amfani mutane. Ba wanda ya yi mini faɗa. Aikin kawai aka miƙa wa wani, ni kuma aka tura ni Safana duba gyaran shaguna. Abokan aiki suka daina kirana. A ɗakin haya na ƙare daminar nan, in dafa ni kaɗai in ci ni kaɗai.

Bayan an buɗe asibitin na hau babur na je. Gini ya yi kyau, ba ƙarya: farin fenti, sunan Alhaji a saman ƙofa. Mai gadi kaɗai na tarar. Ya ce ma'aikata tun la'asar suke tashi saboda tsoro, mata kuwa a gida suke haihuwarsu kamar da. Na daɗe a tsaye ina hangen rufin ƙauyen ta saman dawa. Ban iya shiga ba, don ban san da wane ido zan kalli Inna Rabi ba.

Ku matasa da kuka fara aikin zanen gine-gine yanzu, alƙalami na hannunmu, amma iko na hannun wani. Wata rana ƙin sa hannu ne kaɗai zai rage muku. In ranar ta zo ku ƙi, amma ku sani ba lalle ne ku waiga ku ga kowa a bayanku ba.