Maɓallin Tsare Hayaƙi

Direban tasin dattijo ne mai farin gemu, yatsansa ba ya nisa da wani maɓalli mai hoton mota da lanƙwasasshiyar kibiya. Motar irin mai batir da fetur ce, a cunkoso injin kan yi tsit, sanyin na'urar sanyaya mota kuwa ba ya yankewa.

Ina zaune a kujerar baya, ga tirela a gabanmu tana aman hayaƙi. Kafin in toshe hanci har ya danna.

"Na hana iskar waje shigowa, ɗana," in ji shi. "Ta cikin nan muke juyawa, motar ta sake sanyaya ta, batir ma ya samu sauƙi. Amma in ta daɗe hamma za mu fara, ni kuwa ba ni da izinin gyangyaɗi."

Hanya na washewa yake buɗewa.

A kujerar gefensa akwai abin shaƙa na masu asma, ya koɗe, da ɗankwali a ninke. Ban tambaya ba ko mai su tana gida, ko ta riga mu gidan gaskiya. Na dai lura duk sanda ya danna, can yake waiwayawa, ba wajena ba.