Allurar Koci

Mai Guga ake ce masa, don shekara ashirin ke nan yana goge zannuwan gado a ɗakin wankin wani otal, can ƙasan bene inda tururi ke sa bango zufa. Bai fara gudu ba sai da ya haura arba'in, ranar da likita ya kwance masa abin awon jini ya ce, "Ko ka motsa jikinka, ko a ɗauke ka ranga-ranga." Tun daga nan, da an tashi aiki sai ya ɗaure takalmi ya yi kilomita goma. Shekara huɗu agogonsa na nuna minti hamsin da bakwai, kamar an kafe shi da ƙusa. Shi kuwa hamsin yake so.

Ƙanin matarsa, wanda ake kira Ɗan Gayu, shi ya ja shi filin wata makaranta. "Yaya, wannan sassarfar taka ta masu kai saƙo ce. Zo ka ga Koci."

Koci ƙato ne, tumbinsa ke riga shi shiga fili. A benci yake zama da usur a wuya, yana sakace da tsinken ashana, ya duba abin da ya ciro, ya mayar baki. Amma ya san aiki. Zagaye ɗaya da iya ƙarfinka, ka huta minti ɗaya da rabi, ka sake, har sau takwas. Ranar farko Mai Guga ya amayar da abincin ranarsa a zagaye na biyar. Bai damu ba. Cikin wata biyu ya zaftare minti uku.

Wata Laraba bayan atisaye Koci ya yafito masu gudun bayan banɗakin makarantar, inda zarni ke tsinka hanci. Ya zuge jaka, ya ciro wata 'yar kwalba marar takarda da sirinji guda. Mutum shida suka jera, kowa ya sassauta wando. Ya caka wa na farko, ya goge allurar a rigarsa mai maiƙo, ya zuƙo, ya caka wa na biyu. Na huɗu Ɗan Gayu ne, har da murmushi.

"Matso, dattijo," in ji Koci. "Wannan ce minti hamsin ɗinka."

"Mene ne a ciki?"

"Kai likita ne? Ƙarfi ne a ciki."

Mai Guga ya tofar da yawu. Shi da ko zanin da baƙo ya kwana a kai ba ya ɗauka sai da safar hannu. Ya ɗauki jakarsa.

"Tsufa ne, ku ƙyale shi," Koci ya faɗa, aka kwashe da dariya.

Ranar wata gasar gudun kilomita goma Ɗan Gayu ya yi minti arba'in da shida, ya cika waya da hotuna. Mai Guga ya yi hamsin da uku, ya koma gida a ƙasa. Bayan kwana goma sai ga Ɗan Gayu a falon Mai Guga yana ɗingishi, cinya ta kumbura suntum, tana tsatsar da ruwa mai ɗoyi har ya ɓata kujera.

"Wai ƙwaro ne ya cije shi," in ji matar Mai Guga.

"Ƙwaron mai usur ne," ya ce, ya kwashe labari kaf ya gaya mata, a gaban ƙanin nata. Ita ta kai shi asibiti aka tsaga wurin, tana yi masa faɗa tun daga ƙofa. Har yau Ɗan Gayu ba ya gaishe shi, wai ya tona masa asiri.

Mai Guga bai sake taka filin ba. A titin bayan otal yake atisayensa yanzu: ya wuce falwayar lantarki takwas da gudu, uku da tafiya, masu gadi na yi masa kirari. Bana ya yi hamsin da ɗaya, gwiwarsa ta hagu kuma ta fara ƙara.