Malam Babakura da Duniyoyin da Ba a Gani

Kowace safiya Malam Babakura yakan tuƙo kekensa daga unguwar Moduganari, ya sauka a kowane shingen sojoji ya ɗaga riga don a ga ba ya ɗauke da bam, ya isa makarantar 'yan mata kafin a kaɗa ƙararrawa. Malamin kimiyya ne, kuma wannan watan ya yi ritaya.

Ni da na yi aiki da shi na san abin da ke cikin jakarsa: alli, da gindin wani fasasshen kofin gilashi. Yakan ɗora gilashin a gaban tocila, haske ya lanƙwashe ya zama zobe. Sai ya yi wa ɗalibai bayani cewa haka tauraro yake yi idan ya gifta ta gaban wani tauraro mai nisa: ƙarfin jansa ya tanƙwara hasken na baya, ya ƙara masa ƙyalli. In kuwa na gaban yana da ƙatuwar duniya mai zagaya shi, sai hasken ya ƙara yin wani ɗan tsalle. Da wannan tsallen masana ke gane tana nan, ko da ba su gan ta ba.

Dokar hana fita ta raba yaran da kallon sama. Bai haƙura ba. Yakan je shagon intanet ya sauko da awon hasken taurari da masana ke sakewa kyauta, ya buga a takarda, ya raba musu.

Wata rana Munawwara, ɗalibarsa 'yar Konduga, ta ɗora yatsa a kan wani zanen awon haske a takardun ta ce ita tana ganin duniya a nan. Malam ya yi alkawarin bincika mata. Kafin ya gama ta tafi gida, aka kai hari garinsu. Har yau ba a ji ɗuriyarta ba.

Da bincike ya nuna masana ma sun ga duniya a daidai wurin, Malam ya bi sansanonin gudun hijira har ya sami mahaifinta, Ba'ana. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, ni manomi ne, ban san taurari ba. Ka gaya mini dai, yarinyar ta yi daidai?"

"Ta yi daidai, Baba."



Malam, kai ne ka ci gaba da koyarwa a ƙarƙashin bishiyar darbejiya lokacin da aka rufe makarantu, azuzuwa suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Ba wanda ya sa ka. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Ku malamai masu tasowa, ku yi koyi da shi. Idan yaro ya nuna muku abin da ya gano, ku bincika, ku kawo masa amsa tun yana nan.