Ranar da Hagu Ta Koma Dama a Hannun Nafisa

Ranar Asabar ta farko bayan Maulidi, a shekarar da nake aji biyar, wajen tsakiyar shekarun casa'in, Ustaza Su'ad ta dakatar da taron safe tun ba a watse ba, ta kira sunana. An kwana ana ruwa, filin makarantarmu ta 'yan mata a Gadarif ya zama baƙin taɓo mai riƙe takalmi, kowace yarinya na tsaye a layi da farin ɗankwali da ƙafafu masu nauyi kamar an ɗaura musu bulo. Na fito ina jan silifas. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta karɓi jakata, ta zura hannu can ƙasa, ƙarƙashin littafin lissafi da burodin karin kumallona, ta zaro li'ibata. Na lura da abu ɗaya: wanda ba a gaya masa wurin ba, hannunsa ba zai tafi kai tsaye haka ba. Ta ɗaga ta sama, ta nuna maɓallin da ke gefen hagu da farcenta, ta ce, "Ya banat, ku 'yan mata, ku dubi abin da 'yar Musulmi take shigo mana da shi makaranta. Salib ne wannan, gicciye!" Ta ɗauko wuƙar da take fiƙe fensir da ita, ta cusa bakinta ƙarƙashin maɓallin, ta ɓanɓare shi da ƙarfi har muka ji ƙarar abu ya tsage a ciki, ta wurga shi bayan katanga. Sannan ta ce in miƙo tafin hannu.

Li'iba shi ne sunan da muke kiran abin, kamar yadda ake kiran kowane abin wasa da Larabci. Kawu Idrisu, ƙanen Innata, mai tuƙa lorin riɗi zuwa bakin teku, shi ya kawo mini ita tsaraba. Launin toka ce, tsawonta bai fi tafin hannun babba ba, da ɗan gilashi a sama inda ƙananan tubala ke gangarowa, kai kuma kana jera su kafin su cika wurin. A dama akwai maɓallai biyu masu zagaye. A hagu kuwa akwai wannan da ya jawo mini bulala shida: roba ce guda ɗaya mai rassa huɗu, sama, ƙasa, hagu, dama. Mu ba mu taɓa ganin gicciye a jikinsa ba, mararraba muke ce masa. Babana mai gyaran rediyo ne a kasuwar Gadarif, kuma ranar da aka kawo li'ibar sai da ya kwance ta don ya ga cikinta. Ya nuna mini wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin mararrabar, a tsakiya daidai, ya ce a kansa take zaune kamar tasa a kan dutse, in ka danna nan can ya tashi, shi ya sa ba za ka taɓa danna hagu da dama a lokaci guda ba, kuma babban yatsa ba ya buƙatar ɗagawa, mirginawa kawai yake yi. Ya daɗe yana jujjuya ta a hannu, ya ce, "Wanda ya ƙera wannan ya san yatsan mutum."

A waɗannan shekarun kalma irin wadda Ustaza ta furta ba ta tsayawa inda aka faɗe ta. Ana lura da tsawon ɗankwali, ana lura da kiɗan biki da lokacin tashinsa, kuma mu Hausawa dama ba a rasa mai yi mana kallon baƙi ko da kakanninmu a nan aka binne su. Shugabar makaranta ta aika a kira Baba. Ya rufe rumfarsa da hantsi ya zo, ya tsaya a ofis da hularsa a hannu yana bayani kamar mai laifi. Kafin sati ya zagayo zancen ya isa layin masu gyara, wani dattijo da ya shekara goma yana kawo masa aiki ya zo ya ɗauke rediyonsa ba a gama ba. Baba bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi bulalar ciwo.

Na san wadda ta kai ni. Gidanmu bukkoki uku ne na ciyawa da rumfa a tsakiya, ga garken awaki a kusurwa. Haboba, mahaifiyar Baba, tana da bukka ɗaya, mu muna da ɗaya, ta ukun kuwa Gwaggo Hawa, ƙanwar Baba, ce a ciki da 'yarta Nafisa, domin mijin Gwaggo yana aiki a manyan gonakin dawa na wajen Doka, sai bayan girbi yake dawowa. Ni da Nafisa taubasai ne, ajinmu ɗaya, tare muke tarar mai jakin ruwa da sassafe mu cika randuna, tare muke dama ƙullun kisra, siririyar wainar dawa da ake ci da miya, tare muke kankare taɓo daga takalman gidan da tsinke. Kuma gaskiya ta fi ni iya li'iba nesa ba kusa ba. Yatsanta kamar ba shi da ƙashi. Ranar Maulidi ta roƙe ni in ba ta ta tafi da ita filin taro ta nuna wa ƙawayenta, na hana. Ta koma gefe, ta ci halawarta, alewar Maulidi, ita kaɗai. Safiyar Asabar ɗin nan kuwa ita kaɗai ce a bukka lokacin da na tura li'ibar ƙarƙashin burodi.

Da na faɗa a gida, Nafisa ta fashe da kuka, ta rantse da Allah ba ita ba ce. Haboba tana kan gadonta na igiya tana jan carbi, ta dube ni ta ce, "Ke Sakina, kin jawo wa ubanki magana a kasuwa, bai ishe ki ba sai kin ɗora wa 'yar'uwarki? Durƙusa ki ba ta haƙuri." Na durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa gaban kowa, na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, tana share hanci da gefen ɗankwali, ta saman ɗankwalin kuma idonta na kaina, babu ɗigon hawaye a ciki. Tun daga ranar na daina sha'awar komai sai abu ɗaya. Ina tuƙa miya ina tunaninsa, ina sharar garke ina tunaninsa. Na yi tunanin zuba mata barkono a kwalli, na yi tunanin jefa littattafanta a randa, amma duk waɗannan ni za a kama, in sake durƙusawa.

Bayan kamar sati uku Baba ya dawo daga kasuwa da li'ibar a aljihu. Wuƙar Ustaza ta yanke siraran hanyoyin da ke kan allon ciki, sai ya haɗa su da ƙananan wayoyi, da ƙarfen narka dalma da yake ɗorawa a kan gawayi. Mararraba kuwa ya ce ba za ta sake shiga gidansa ba. Ya yanko faifai zagayayye daga murfin wata robar mai, ya goge bakinsa, ya manna ƙwayar tsakiya ɗaya daga tsohon carbi a ƙarƙashinsa don ya riƙa mirginawa kamar na da. Babu reshe, babu alama, ba wanda zai ce ya ga wani abu a jiki. Na kunna a gabansa. Na danna hagu, tubalin ya tafi dama. Na danna dama, ya tafi hagu. Baba ya dafa goshi ya yi dariya, ya ce ya sarƙe wayoyi biyu, in kawo gobe ya gyara. Ban san lokacin da bakina ya ce, "A'a Baba, bar ta haka, na gode" ba. Ya ɗan dube ni, sai aka kira sallar magariba ya tashi.

Na gaya wa Nafisa cewa li'iba ta mutu. Wata biyu cur ina ɓoye ta cikin jinkar garken awaki, a nannaɗe da leda. Duk lokacin da aka aike ni ba su dusa, ko Nafisa ta tafi kai wa Gwaggo niƙa, sai in tsuguna bayan garken in kashe sautin in fara. Kwanakin farko har kuka na yi don haushi, domin ido na ganin gurbi a hagu, yatsa na rugawa hagu, tubali na faɗawa inda bai dace ba. Na riƙa gaya wa kaina a hankali, in kina son gabas ki nufi yamma. Yatsana ya yi kanta. Wata akuya mai jan kunne ta saba da ni har takan kwantar da kai a cinyata. Ruwa ya ɗauke, taɓo ya bushe ya tsattsage, aka fara yankan riɗi, kuma wata rana na lura na daina tunani kafin in danna. Na wuce duk inda Nafisa ta taɓa kaiwa.

Gwaggo Hawa ta haihu a farkon girbi. Ranar suna gidan ya cika, mata na ta yaɓa kisra a bayan bukka, yaran dangi daga Showak da Doka sun taru a ƙarƙashin rumfa bayan azahar, Haboba na tsakiyarsu a kan gadonta. A nan na fito da li'ibar. Idon Nafisa ya yi waje. Na yi mata irin tsokanar da aka yarda taubasai su yi, na ce na ji ana cewa ta iya, amma ni ban taɓa gani ba. Yara suka yi ihu. Ta ce in kawo ta nuna mini iyakata, kuma duk wadda aka kayar ita za ta wanke tukwanen suna gaba ɗaya. Na ce na yarda, na fara. Na yi a natse, babban yatsana ya rufe faifan ruf, tubala na zama inda nake so, layi na ɓacewa bayan layi, har sai da na gaji na bari da kaina. Sannan na miƙa mata da hannu biyu.

Tubalin farko ya tafi inda ba ta aike shi ba. Ta ɗaure fuska ta ƙara dannawa, ya ƙara nisa. Na biyu ya hau kansa a karkace. Ƙwarewar tata ce ta kashe ta, domin yatsanta ya riga tunaninta gudu, kafin ta gane abin da ke faruwa gilashin ya cika har sama, li'ibar ta yi ɗan kukan nan nata na ƙarewa. Ba ta share ko layi ɗaya ba. Yaran Showak suka faɗi ƙasa suna dariya. Ta sake gwadawa, abin ya fi na farko muni. Sai ta miƙe tsaye ta ƙwala ihu, "Ta juya shi! Wallahi ta juya shi, hagu ta koma dama!" Wani ɗan kawunmu ya miƙo hannu zai gwada, na riga shi ɗaukewa, na ce Baba ya hana ta yawo hannu-hannu tun abin da ya faru. Na matsa kusa da Haboba na sake kunnawa a gaban idonta, na ce, "Haboba, ina kike so in sa wannan?" Ta nuna da carbi, na sa shi nan. Ta nuna wancan gefen, na sa shi can. Haboba ta juya ta ce, "Nafisa, an kayar da ke kuma kina rantsuwa da Allah a kan ƙarya? Ba ta haƙuri, ki tashi ki kama tukwane."

Ta ba ni haƙuri a gaban yaran gari uku. Wannan karon hawayen na gaske ne. Na zauna a kan turmi ina cin naman suna ina kallonta tana dirzar baƙin tukwane da toka har rana ta yi ja, kuma ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa cin nama mai daɗin wannan ba. Da na je zuba ruwa a buta ta ɗago kai, ba ta daina dirza ba, ta ce a hankali, "Ni na gaya wa Ustaza. Kuma ko yau aka koma, sai na gaya mata." Na ce, "Na sani." Na ɗauki butata na wuce.

Labarin ya kai kunnen Baba washegari. Bai tona ni ba. Ya ce in kawo li'ibar, ya hura gawayi, ya mayar da wayoyin nan biyu inda suka dace, ya miƙo mini ya ce, "Hagu hagu ce, dama dama ce. Kada in sake ji." Daga ranar ban ƙara iya wasan ba. Yatsana ya riga ya koyi karkatacciyar hanya, ya ƙi komawa, in na matsa masa sai ya tsaya cak a tsakiyar faifan. Bayan shekara ɗaya Gwaggo ta bi mijinta Doka, ni da Nafisa muka rabu ba mu shirya ba.

Yanzu 'ya'yana a kan gilashin waya suke wasa, sumul, babu abin da yatsa zai ji ya san inda yake, babu kuma abin da uba zai kwance ya nuna wa 'yarsa. Bukkokin nan an rushe su an yi ɗakunan siminti. Nafisa na aure a Kassala, tana da jikoki biyu, mukan yi waya duk sallah, mu tambayi lafiyar yara da ciwon gwiwa, mu yi dariyar mutanen da, kuma in zance ya doshi wancan girbin sai ɗayarmu ta ce ana kiranta. Haboba ta rasu tana ganin kowaccenmu ta taɓa yi wa 'yar'uwarta ƙazafi sau ɗaya, alhali a duka biyun gaskiya aka faɗa mata. Wani lokaci nakan so a ce tana nan a kan gadonta, mu zo mu biyu mu zauna a gabanta mu warware mata. Har yau ban nemi gafarar Nafisa da zuciya ɗaya ba, ita ma ba ta nemi tawa ba.