Jitar Bes a Shagon Yayana Kafinta

Jitar bes ta farko da na mallaka a hannun wani ɗan bautar ƙasa na saye ta, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Safana. Ya gama shekararsa zai koma gida, kaya sun yi masa yawa, sai ya bar mini ita da ɗan akwatin lasifikarta a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Shi ne dama ya koya mini ɗan abin da na iya, a gindin bedi bayan an tashi yara.

Ba ta manya ba ce. Sunan kamfanin da ke rubuce a kanta ba wanda ya san shi. Da na kai ta Katsina neman tsirkiya, masu situdiyo suka juya ta suna dariya, ɗaya ya ce irin wannan ai ta 'yan koyo ce, damina ɗaya wuyanta zai lanƙwashe. Na biya kuɗin tsirkiyata na fito. Ni dai na san in na taɓa ta, muryarta mai kauri ce, tana sauka har cikin ciki.

Ranar wata kasuwar Batsari na goyo ta a babur zuwa gida. Innarmu ta dube ta, ta dube ni, ta ce ba ta taɓa jin malamin makaranta da molon Turawa ba. Don haka na wuce da ita shagon yayana.

Yaya kafinta ne, kuma kurma ne. Sanƙarau ya tafi da jinsa yana ɗan shekara tara, amma bakinsa bai mutu ba. Yana magana da ƙarfi, kalmomin suna fitowa a ɗan karkace, mu kuma muna amsa masa da hannu da motsin leɓe. Ya karɓi jitar kamar yadda yake karɓar katako daga dillali. Ya ƙwanƙwasa bayanta, ya sansana, ya ɗaga wuyanta saitin ido ɗaya. Ya ce wanda ya yi ta ya busar da itacen sosai kafin ya yanka, ba za ta lanƙwashe ba. Bai kuma yi ƙarya ba.

Na jona ta a wutar mai cajin waya da ke maƙwabtaka da shi, na zauna bakin teburin aikinsa ina kaɗawa, shi kuwa yana ta goge wata ƙofa. Ashe gindin jitar ya jingina da teburin. Sai na ga ya dakata. Ya ajiye abin gugar, ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan teburin, ya tsura mini ido.

"Sake," ya ce.

Na sake. Ya matso ya ɗora hannunsa a jikin jitar kanta. Muka daɗe a haka, mutane na wucewa da buhunan wake suna leƙenmu. Daga baya ya gaya mini rabon da wani kiɗa ya shige shi tun kalangun mahauta da ya ji yana yaro.

Daga nan duk Asabar bayan La'asar ina shagon. Ya ƙera wani benci mai rami a ciki, ya saka lasifikar a ramin, ya riƙa zama a kai ba takalmi. Nan na gane ya fi ni iya riƙe kiɗa. In na yi gaggawa sai ya buge ni a gwiwa. In na daidaita sai ya lumshe ido yana kaɗa kai. Waƙoƙin da nake bi bai san ko ɗaya ba, amma yana da waɗanda ya fi so, yana kuma neman su da suna irin nasa: mai tafiyar jaki, mai tsalle, ta ruwan sama.

Bayan shekara biyu na samo ta biyu, ta kamfanin nan dai, mai tsirkiya biyar. Mai shagon a Kano har murna ya yi da ya rabu da ita. Tsirkiya ta biyar ɗin, mai kaurin gaske, wadda ni da ƙyar kunnena ke rarrabe muryarta, ita ce ta fi yi wa Yaya daɗi. Na bar masa ta farkon a shago. Wani lokaci nakan tarar ya kafa haɓarsa a kanta yana jan tsirkiya ɗaya-ɗaya.

Sai zaman ƙauyuka ya lalace. Mutanen Wagini da Yasore, waɗanda su ne masu sa shi ƙofofi da gadajen aure, da yawansu suka baro gidajensu, wanda ya zauna kuma ba ta ƙofa yake yi ba. Yaya ya yi watanni yana gyaran kujerun makaranta. Da wani abokinsa ya samo masa aiki a wani babban shagon kujeru a Ibadan, ya kwashi matarsa da 'ya'yansa. A tasha direban ya ce jitar ba za ta shiga ba sai dai a ɗaure ta a sama tare da buhuna. Yaya ya ƙi. Ya miƙo mini ita, ya ce in ajiye masa.

Yanzu duka biyun suna ɗakina a Safana. Bencin kuwa yana Batsari, Inna na ɗora kwanuka a kai. Nakan kaɗa, amma na lura ina yin gaggawa, kuma ba mai buge ni.

Mukan yi kiran bidiyo in an samu sabis. Sau ɗaya ya ce in kaɗa masa. Na jingina wayar da buta na kaɗa mai tafiyar jaki. Ya manna wayarsa a ƙirji, na daina ganin komai sai duhun rigarsa. Da ya ɗago ya yi murmushi, ya ce, "Ba ta zuwa, ƙanena." Muka koma hirar Inna da farashin gero.

Watannin baya ya aiko mini da hoton wani falankin maɗaci da ya ce ya ɓoye a bayan shagonsu yana bushewa. Yana so ya gwada ƙera tasa jitar. Ya ce in auna masa komai, tsawon wuya, faɗin jiki, tazarar da ke tsakanin ƙarafan. Na ari tef wurin tela, na kwantar da jitar a tabarma, na auna na rubuta a takarda, na ɗauki hoto na tura. Ya amsa cewa itacen bai gama bushewa ba tukuna, can iskarsu da laima, sai an yi haƙuri.