Waƙoƙi Goma Sha Ɗaya Da Na Kai Orozo

Mu huɗu ne a ƙungiyar. Ni ne mai ganga, irin gangunan nan da ake dukansu da sanda biyu ana taka ɗaya da ƙafa. Akwai mai bes, wato jita mai kaurin sauti, Gbagyi ne daga Karshi, da mai piyano wanda ya koyi kiɗa a coci, sai mawaƙinmu, Bakatsine, shi ke riƙe da jita kuma shi ke tsara waƙa. Kiɗan rok muke yi da Hausa, abin da maƙwabtanmu a Mpape ke kira hayaniya. Kowa da sana'arsa. Ina tuƙa tasi, shi kuma mawaƙin yana aiki a wurin fasa dutse, a bakin injin niƙa, ya wuni fari fat kamar an juye masa gari. Ran Asabar bayan la'asar mu haɗu a wani situdiyo na kwano bayan garejin makanikai.

Waƙa huɗu muka saki, ɗaya bayan ɗaya. Ta biyun ta ɗan shiga rediyo. Sauran mun ɗauke su amma ba su fita ba, muna cewa sai sun taru mu yi faifai guda. Kafin su taru aka rushe layin da situdiyon yake. Mai piyano ya koma garinsu, mai bes ya koma gona, mawaƙin ya yi aure ya tare a Orozo. Babu wanda ya ce an rabu. Mun dai daina kiran juna.

Shekara goma sha biyu bayan haka matarsa ta kira ni. Sau ɗaya na taɓa ganinta, ranar ɗaurin aure.

Ta ce, "Baban yara ne ya ce in neme ka. Ba ya iya doguwar magana a waya."

Na same shi a kan tabarma a ƙofar ɗaki, an jingina shi da matashin kai biyu. Da ba don idanunsa ba da na wuce shi. Likita ya ce garin dutsen da ya shaƙa shekara da shekaru ne ya cinye masa huhu, kuma babu maganin da zai mayar. Kalma uku yake yi ya tsaya ya nemi numfashi.

Ya ce, "Waƙoƙin nan namu, kana da su?"

Na ce biyu ne kawai a wayata.

"Tara min su. Ina so in ji su a jere, sau ɗaya."

Na ɗauka aikin mako guda ne. Wata biyu ya ci. Huɗun da muka saki ba su ba ni wuya ba, wani mai tura waƙoƙi a waya a kasuwar Mpape yana da su. Sauran ne aiki. Na nemo mai situdiyon, yanzu gyaran janareta yake yi a Nyanya. Ya tono wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin gado, ya ce ranar rusau ita kaɗai ya iya fitarwa. Muka kai ta wurin mai gyara, aka ciro waƙa huɗu lafiyayyu da wata guda da ta yanke a tsakiya. Uku sun lalace, ba a iya ceto su ba. Ina tuna amshin ɗaya daga ciki, sauran biyun ko sunansu ya ɓace min.

Na je Karshi ranar kasuwa, na tarar da mai bes a gaban tulin doya. Ya yi furfura. Da na faɗa masa halin da ake ciki sai ya bar doyar a hannun matarsa, ya kai ni gida. A cikin wata jakar leda, tare da takardun makarantar 'ya'yansa, akwai kaset guda na atisayenmu. Waƙa biyu ne a ciki da ba mu taɓa kai su situdiyo ba. Ana jin ƙarar injin walda daga gareji, ana jin muryata ina ƙirga ɗaya, biyu, uku.

Ya ce, "Oga, ka gaishe shi. Ni ba zan iya ganin shi haka ba."

Na ce motata na waje, Orozo kuma ba nisa.

Ya ce, "Na sani." Bai tashi ba.

Goma sha ɗaya ke nan, har da guntuwar. Mai situdiyon ya rage musu ƙara iya ƙoƙarinsa, muka jera su, waɗanda suka fita a gaba, waɗanda ba a taɓa ji ba a baya. Ban tsaya nan ba. Na sa aka buga faifai hamsin, da hotonmu mu huɗu a kan wani dutse a Mpape. Ba mawaƙin ne ya ce in yi haka ba, ni na ga ya dace.

Na kai masa ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Wannan karon a cikin ɗaki yake, ba ya iya fitowa. Matarsa ta aro rediyo mai cin faifai a maƙwabta. 'Ya'yansa uku suka zauna a bakin ƙofa. Da jitar ta tashi, sai muryarsa ta biyo, da ƙarfi, tana jan baiti guda ba tare da ya yanke numfashi ba. Ya rufe ido. Yatsunsa na hagu suna motsi a kan zanen gado.

Ya ji biyar. Ana cikin ta shida tari ya sarƙe shi, sai da matar ta ɗaga shi zaune ta riƙe masa kwano. Na miƙa hannu zan kashe rediyon, ya girgiza kai. Haka waƙar ta ci gaba yana tari a kanta har ta ƙare. Sannan ya ce ya isa.

Na ce saura biyar, kuma a cikinsu akwai na kaset.

Ya ce, "Gobe." Ya huta, sannan ya ƙara, "Ka yi sauri a ta uku. Kullum sai ka yi sauri a nan."

Gaskiyarsa ce. Muka yi dariya, tasa ba ta da sauti.

Matar ta faɗa min daga baya cewa bai sake neman a kunna ba. Ya rasu bayan kwana goma sha tara, da hantsi.

Ranar sadakar uku yayansa, wanda ya zo daga Katsina, ya ja ni gefe. Dattijo ne mai sanyin magana, bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Malam, na ji ɗawainiyar da ka yi, Allah ya saka. Amma an ce ka buga abin nan da yawa. Ina roƙonka kada ka raba. Yanzu addu'a yake buƙata, ba mu so muryarsa tana tashi a wuraren da ba mu sani ba alhali yana kwance."

Na so in ce masa babu alfasha ko ɗaya a ciki, rabinsu a kan wahalar leburori ne, ɗaya kuma a kan mahaifiyarsu. Na dubi fuskarsa, irin ta ƙanensa ce sak, na ce to.

Da zan tafi matar ta biyo ni har bakin mota, mayafinta ya rufe rabin fuska. Ta ce faifan da na kai masa yana nan a ƙasan akwatinta, babu wanda ya sani, za ta ajiye wa yara har su yi hankali. Da ta fita takaba aka kwashe su zuwa Katsina. Lambarta ta daina shiga.

Na kai wa mai bes nasa faifan. Ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallon hoton, ya ce ba shi da abin kunnawa. Na ce mu je mota mu ji. Muka zauna a cikin tasi a bakin kasuwar Karshi, gilashi a rufe, muka fara daga ta bakwai, inda marigayin ya tsaya. Da aka zo guntuwar waƙar, ta yanke a tsakiyar kalma, mai bes ya ci gaba da kaɗa sauran da yatsa a kan gwiwarsa har ƙarshe. Sannan ya buɗe ƙofa ya ce ana jiransa wurin doya.